Farfaɗo da tsofaffin motoci: abin da talabijin ke nunawa da abin da muka tarar a gareji

Mai Fijo 504, Zariya

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sa hannu ko kuɗinsa a farfaɗo da tsohuwar mota ya ba mu labarin abin da ya gani, domin mu auna shi da abin da ake nuna mana a shirye-shiryen Amurka da Ingila. Na daɗe ina kallon Overhaulin', wanda aka fara a 2004, inda Chip Foose da mutanensa kan ɗauke motar mutum ba da saninsa ba, su mayar masa da ita sabuwa fil cikin kusan mako guda. Ni kuwa Fijo 504 ɗin mahaifinmu, haɗin Kaduna, ta haura shekara a gareji, har yau ba a kai ga fenti ba. Shin masu gyaranmu ne ke da nawa, ko kuwa akwai abin da kyamara ba ta nuna mana?

Mai gyaran bodi da fenti, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ita ce sana'ar da na tashi a cikinta, kuma ina kallon shirye-shiryen nan da sha'awa, sai dai abin da ya fi cin lokaci a aikinmu shi ne abin da suke wucewa a guje. Za ka ga an cire injin, an watsa tartsatsin walda, sai kawai ga mota tana sheƙi. Kamar a nuna maka shuka da girbi ne, a ɓoye maka noman da ke tsakani.

Tsohuwar mota ba ta bayyana ciwonta sai an kankare fentinta. A 504 wuraren da nake fara dubawa su ne ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, da gindin ƙofofi, da cikin but inda ruwa ke kwanciya, da kuma ƙasan robar gilas. An taɓa kawo mini wata wadda daga nesa ba ta da aibu, amma da na sa guduma a gefen tayar baya sai na ji sautin ba na ƙarfe ba ne. Da muka kankare, sai ga fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, mai kaurin ɗan yatsa, a bayanta kuma wani ya liƙa yankin gwangwani a kan rami. Dole aka yanke wurin gaba ɗaya har inda ƙarfe mai rai yake, aka lanƙwasa sabon kwano daidai siffar wurin, sannan aka riƙa yin waldar ɗigo-ɗigo ana jira ya huce, domin idan zafi ya yi yawa kwanon zai murɗe, kuma ba ya komawa daidai. Bayan haka sai a shafa fila kaɗan, a goge da samfefa, a shafa tafin hannu a ji inda ya yi tudu ko kwari, a sake. Ƙofa ɗaya tana iya cin kwanaki, kuma babu mai zama ya kalli mutum yana guga da samfefa har tsawon sa'a guda, shi ya sa ake yanke wannan.

Sannan su suna da ɗakin feshi rufaffe da ke tace iska, mu kuwa a lokacin hunturu sai mun yayyafa ruwa a ƙasa mun yi sammako kafin ƙura ta tashi. Abin da ke damuna shi ne masu motoci, musamman matasa, sukan zo da abin da suka gani a waya, su ce mako biyu suke so. Idan ka faɗa musu gaskiya sai su tafi wurin wanda zai lafta fila ya fesa, damina ɗaya fentin ya fara kumbura.

Mazaunin Birmingham, Ingila

Maigida mai fenti ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da batun kuɗi. Shirin da ya ja ni cikin harkar nan shi ne Wheeler Dealers, wanda aka fara a 2003, Mike Brewer na saye da sayarwa, Edd China na gyara. A ƙarshen kowane shiri akan lissafa kuɗin mota da na kayan gyara, a cire daga farashin da aka sayar, a ce ga riba. A shirye-shiryen farko da na kalla ba a sa ladan aikin makanike a lissafin, alhali a ƙasar nan ana biyan gareji ne da sa'a, kuma shi ne kaso mafi tsoka. Da na sayi tsohuwar MGB, wata ƙaramar mota ƙirar Ingila, na ɗauka zan bi sawunsu, amma gishirin da ake zubawa a tituna lokacin sanyi ya riga ya cinye ƙasanta, kuma kuɗin walda kaɗai ya zarce abin da na biya na saye ta. Duk da haka ba zan zagi shirin ba, domin a wurin Edd China na koyi yadda ake fitar da iska daga birki da yadda ake daidaita kabireta. Lokacin da ya bar shirin a 2017 ya bayyana cewa masu shirya shi suna son rage yawan bayanin aikin gareji ne, wanda a gare shi shi ne ƙashin bayan shirin. A ganina wannan saɓani shi ne amsar tambayar Malam na Zariya.

Ɗan kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa, Kano

Nawa gajere ne. A talabijin mutum zai ɗaga waya, washegari kaya ya iso a kwali, kuma ba ƙarya ba ne, domin a Amurka ana ƙera sabon bodi sukutum na Ford Mustang ta shekarun 1960, a Ingila ma ana yin na MGB da Mini. Mu a nan kayan injin 504 ba su yi wuya sosai ba tunda an daɗe ana haɗa ta a Kaduna kafin a daina, amma fitilar baya ta asali, da agogon dashbod, da ƙarafunan ado masu ƙyalli, da robar ƙofa, sai an yi cigiya daga nan har kasuwar Panteka ta Kaduna, wani lokaci har Ladipo a Legas. Sau da yawa sai an sayi wata matacciyar mota an ciro. Jiran ƙaramin abu irin wannan kan tsayar da aiki wata guda, Alhaji.

Mai tace bidiyo, Kano

Ni ban taɓa gyaran mota ba, amma na san yadda ake harhaɗa hoto. Shiri na minti arba'in da wani abu dole ya kasance da matsala, da wa'adi, da fargaba, da kuma farin ciki a ƙarshe, don haka wa'adin da ake ta nanatawa galibi buƙatar labarin ne da jadawalin ɗauka, ba buƙatar motar ba. Inda aka cika wa'adin da gaske, kamar a Overhaulin', to tawaga ce babba ke aiki dare da rana, an kuma tanadi kaya tun kafin mota ta shigo. Akwai kuma inda aka wuce gona da iri. A 2015 wasu da aka gyara wa motoci a Pimp My Ride na tashar MTV sun shaida wa jaridar intanet ta Huffington Post cewa motocinsu sun shafe watanni a gareji, ba kwanakin da mai kallo ke zato ba, kuma an cire wasu kayan ƙawa bayan an kashe kyamara, matsalolin injin kuwa ba a taɓa wasunsu ba.

Hajiya mai Marsandi, Maraɗi

'Yan'uwa, ku bar ni in kare shirye-shiryen nan ta fuska ɗaya. Marsandin maigidana, Allah ya jiƙansa, irin W123 ce, kuma ta shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiya har tayoyinta suka nutse a ƙasa. 'Yan gwangwan sun zo sun yi tayi, saura kaɗan in sallama. Yarana ne suka nuna mini Car SOS, na Tim Shaw da Fuzz Townshend, inda ake gyara motar wanda rashin lafiya ko wata lalura ta hana shi ƙarasa ta. A nan na fahimci cewa tsohuwar mota ba lalle ne ta zama kayan kilo ba, kuma a wannan shirin suna nuna tsatsa yadda take, ba sa ɓoye ramuka. Mun yi aikinmu ne sannu a hankali gwargwadon abin da Allah ya hore: aka fara da injin da birki, sai wayoyin wuta waɗanda ɓeraye suka gwaigwaye, mai kushin ya zo daga baya. Fentin ma na asali muka bari, aka goge shi kawai, domin haka maigidan ya san ta.

Mai wayarin, Kaduna

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, kuma kun kyauta da kuka gyara wayoyin wuta kafin ado. Wannan fanni ne da kusan ba na ganinsa a talabijin, saboda babu abin kallo a mutum kwance ƙarƙashin sitiyari yana bin waya ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji. Motar da ta haura shekara arba'in robar wayoyinta ta bushe, kana lanƙwasawa take tsagewa, kuma duk mai gyaran da ta taɓa bi ta hannunsa ya bar nasa ƙulli da salatif. Na ga motar da aka kashe mata dukiya a fenti da kujeru, hayaƙi ya tashi daga bayan dashbod a fitarta ta farko. Malam na Zariya, tunda taka ba ta shiga fenti ba tukuna, ka sa a zare wayoyin gaba ɗaya yanzu da mota take a tuɓe, a duba akwatin fis, a kankare duk inda wayar ƙasa, wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, ke ɗaure da bodi har ƙarfe ya fito fari, sannan mai fenti ya rufe wuraren da takarda kafin ya fesa.