Kafin ka sayi tsohon zanen birni

Hirar masu tara tsofaffin zanen birane ta fi karkata kan shafukan littafin zanen biranen duniya na Braun da Hogenberg, wanda aka fara bugawa a Kolon ta Jamus a 1572. Shawararsu: shafa gefen zanen, ka ji ɗan lotsawar da farantin jan ƙarfen da aka buga zanen da shi ya bari. Ɗaga takardar ta fuskanci haske; tsohuwa tana da layuka siri-siri, da ninki a tsakiya, galibi da rubutu a baya. In gilashin ƙara girma ya nuna ɗigo-ɗigo, bugun zamani ne, riƙe kuɗinka. A kan launi suka rabu: wasu sai fentin asali, wasu ko oho. Rana da danshi kam, kowa ya ce a nisanta zanen da su.