Finafinan 2023 da suka tsaya mana a rai, kowa ya kawo nasa

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tunda shekara ta juya kowa ya faɗi fim biyu ko uku da ya kalla a 2023 waɗanda zai iya cewa mutum ya sa kuɗinsa ya sayi data ya sauke kuma ba zai dawo yana ƙorafi ba, don yanzu data ba abin wasa ba ce. Ni nawa na ɗaya ba tantama 12th Fail ne, na Vidhu Vinod Chopra, ya fito ƙarshen Oktoba. Ba faɗa ba bos ba rawar kan dutse, labarin wani yaro ne Manoj ɗan ƙauye a yankin Chambal da makarantarsu malamai ne da kansu suke rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa, sai aka kawo wani ɗan sanda mai gaskiya ya hana, duk ajin suka faɗi, to maimakon yaron ya tsani mutumin sai ya ce shi ma irinsa yake so ya zama. Kakarsa ta ɗauko ɗan kuɗin fanshon da take tarawa ta ba shi, aka sace a mota tun kafin ya isa birni, haka ya ƙarasa Delhi yana sharar laburare, daga baya ya koma aikin injin niƙa yana kwana a ciki gari duk ya rufe masa gashin ido littafi na gefensa yana karatun jarrabawar zama babban jami'in ɗan sanda. Kuma labarin gaskiya ne, Manoj Kumar Sharma yana nan da ransa babban jami'in ɗan sanda ne a Indiya. Wallahi duk mai ɗa ko ƙani da zai zana WAEC ko JAMB bana ya zaunar da shi su kalla tare.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Baban Ummi ka riga ni, wurin da ya kira mahaifiyarsa ya faɗa mata ya ci ai sai da na tashi na bar falon. Kuma abin da na fi so fim ne da za ka kalla da yara ba ka riƙe rimot a hannu kana jiran inda za ka wuce ba. Budurwarsa ma Shraddha an nuna ta da kamun kai, ba ta hana shi karatu ba, ita ce ma ke tura shi.

Sadauki: Ku yi haƙuri manya amma shekarar 2023 ta Sharukhan ce ba ta kowa ba. Mutumin da tun Zero na 2018 bai ja fim ba har ana cewa ya ƙare, sai ga Pathaan a Janairu, Jawan a Satumba, Dunki a Disamba, biyun farko kowanne ya haura kuror 1,000 na rupi, wato rupi biliyan 10. Ni Jawan ne nawa, darakta Atlee ya san aikinsa, ya kawo salon 'yan kudancin Indiya ya ɗora wa Sarki Khan, uba da ɗa duk shi ne, kuma Vijay Sethupathi ya yi bos ɗin da za ka ji kana son ka shiga talabijin ka shaƙe shi. Mutane suna ganin duka da harbi kawai amma ku duba abin da ake faɗa a ciki, manomin da bashin banki ya sa ya rataye kansa, asibitin gwamnati da yara suka mutu don ba iskar oksijin, sai jawabin ƙarshe da yake cewa mutane su tambayi ɗan takara me zai yi musu kafin su dangwala masa, mu da muka fito daga zaɓen Fabrairu da Maris ai kamar da mu yake.

Baban Ummi: Sadauki ban musa maka ba, Jawan ya yi, na kalla na ji daɗi. Inda muka rabu shi ne a Jawan mutum ɗaya ne da 'yan matansa suke gyara ƙasa da bindiga cikin awa uku, ka gama ka yi tafi ka kwanta. Shi kuwa ɗan injin niƙan nan abin da ya yi ɗanka zai iya tashi gobe ya fara.

Sadauki: To ai shi ya sa aka ce kowa ya kawo nasa Baba. Ga masu son faɗa zalla ku ƙara da Jailer na Rajinikanth da Leo na Vijay, Salaar na Prabhas kuma sai mai haƙuri don rabin farko yana ja, amma in ya kama wuta shi ke nan.

Anti Bilki: Dan Allah duk wanda ya kawo fim ya riƙa faɗin ko na kallo da iyali ne, yana da amfani. Ni gargaɗi na zo da shi, Animal na Ranbir Kapoor kada wanda ya kunna shi a falo, awa uku da minti ashirin na jini da batsa da wulaƙanta mace, ban ga abin da ake yabo ba ko da ya yi kuɗi. Ƙannena samari suna ta yayinsa abin ya dame ni ƙwarai, don shi jarumin da ake so su yaba shi ne yake ci wa matarsa mutunci.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Italiya 'yan uwa. Ni ɗan Kumasi ne, kuma fim ɗaya zan kawo, Io Capitano na Matteo Garrone, a nan aka fara haska shi a watan Satumba. Yara biyu ne 'yan Dakar, Seydou da ɗan uwansa Moussa, suka tara kuɗi a ɓoye suna leburanci suka gudu ba da sanin iyaye ba, mota zuwa Mali, fasfo na jabu, Agadas, sahara, Libiya. Akwai wurin da wani ya faɗo daga bayan a-kori-kura direba ko waiwayowa bai yi ba, akwai wata mata da ƙafa ta gaza mata a rairayi yaron ya koma yana ba ta ruwa ayari na ƙara nisa, sai gidan da ake tsare mutane a Libiya ana azabtar da su sai sun ba da lambar gida a turo kuɗi. A ƙarshe shi Seydou mai shekara 16 da ko iyo bai iya ba aka damƙa wa tuƙin jirgin ruwa cike da mutane har da mai ciki. A sinimar da na kalla Turawa ne suka fi yawa, aka kunna fitila kowa ya yi tsit, mu 'yan Afirka da ke ciki da yawanmu ba labari aka ba mu ba mun san hanyar. Da yaren Wolof da Faransanci aka yi shi, ya ci kyautar darakta a bikin Venice, yaron ma ya ci tasa, kuma shi Italiya ta miƙa gasar Oscar. Da masu fassara za su ji ta tawa su bar wani fim ɗin faɗan su fassara wannan da Hausa, a kai shi zango-zango a Kumasi da Accra da Kano da Maraɗi yara su gani.

Malam Ila Agadas: Ɗan Zango Allah ya saka. Ban kai ga ganinsa ba tukuna amma duk abin da ka lissafa a ƙofar gidanmu yake wucewa. Kuma ku sani dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure gwamnatin sojan Nijar ta soke ta a watan Nuwamban 2023, motoci sun koma fita a fili ba ɓoyo. A nan mutane da yawa sun yi murna don tun da aka kafa dokar direbobi da masu masauki da masu sayar da jarka suka rasa abinci, wasu aka kama su aka ƙwace motocinsu, kuma dokar ba ta hana tafiya ba sai dai ta sa ana bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi. To abin yana da fuska biyu, ina so in gani ko fim ɗin ya yi wa mutanen Agadas adalci ko kuwa duk mugaye aka maishe mu.

Ɗan Zango: Malam Ila gaskiya Agadas ba ta daɗe a fim ɗin ba, wucewa suka yi, kuma yawancin saharar a Maroko aka ɗauke ta. Ta idon yaran aka ba da labarin don haka direba da ɗan kamasho ba su fito da kyau ba, wannan kam zai ɗan sosa maka rai. Amma akwai mutanen kirki a hanyar, akwai wani dattijo magini da ya ja yaron a jiki a gidan yarin Libiya kamar ɗansa har suka samu fita tare.

Sadauki: Ashe ma Dunki kusan labarin ke nan, 'yan Punjab masu son zuwa Landan an hana su biza don ba Turanci ba kuɗi a banki, suka bi ta ƙasa har da shiga kwantena. Rajkumar Hirani ne ya yi shi, da barkwanci a farko amma Vicky Kaushal ya zo ya karya wa kowa zuciya. Anti Bilki wannan za a iya kalla da iyali, sai dai akwai wurin da mutum ya kashe kansa, a kula da ƙananan yara.

Ummu Hani: Ni daga Alƙahira nake rubutu, muna cikin ɗaliban da yaƙi ya kora daga Khartoum bayan 15 ga Afrilu. Nawa Goodbye Julia ne na Mohamed Kordofani, fim ɗin Sudan na farko da ya shiga jerin bikin Cannes kuma ya ci kyauta a can. Wata 'yar arewacin Sudan ce Mona ta buge ɗan wani ɗan kudu da mota ta gudu, uban ya biyo ta a babur, mijinta ya harbe shi a ƙofar gida ba tare da ya tambayi me ya faru ba, sai ita ta nemo matar mamacin Julia ta ɗauke ta aikin gida tana biya wa ɗan kuɗin makaranta ba ta faɗa musu gaskiya ba, tun 2005 lokacin mutuwar jagoran 'yan kudu John Garang har zuwa ƙuri'ar raba ƙasa. Abin da ya tsaya min shi ne kwanukan da aka ware wa Julia aka yi musu alama don kada su haɗu da na masu gida, wallahi mu duba gidajenmu da yadda muke yi wa 'yan aiki. An gama ɗaukarsa kafin yaƙin, to titunan da muke bi zuwa makaranta ne nake gani a allo lafiya lau, 'yan Sudan da ke sinimar kuka suke tun kafin labari ya yi nisa. Larabcin Sudan ne, akwai rubutun Turanci a ƙasa.

Maman Khalifa: Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da ku karatunku ƙanwata. Amma jama'a har yanzu ba wanda ya kawo namu na gida fa.

Na Fagge: Hajiya ai matsalar ke nan, an ce fim, mu kuma Kannywood ta koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24, wanda zai zuba kuɗi a fim guda na awa biyu sai ya yi ta lissafin inda zai mayar tunda kasuwar faifai ta mutu kuma gidajen sinima a arewa ba su da yawa. In da su za a haɗa to Labarina na Aminu Saira ne nawa, hoto da sauti ba ka jin kunyar nuna wa baƙo, sai Izzar So duk da ya yi tsawo da yawa a ganina. Sannan mu yi addu'a ga waɗanda muka rasa a shekarar, Kamal Aboki a Janairu, Samanja da darakta Aminu S. Bono a Nuwamba, Allah ya jiƙansu. Ina kuma taya Ali Nuhu murnar shugabancin hukumar finafinai ta ƙasa da aka ba shi a Janairun 2024, fatana ya fara da maganar wuraren haska fim a arewa.

Anti Bilki: Amin ya Allah. Na kudu kuma A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya cancanta, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya tara naira biliyan 1 a sinima. Uwa ce da 'ya'ya maza biyar kowanne ubansa ƙabila daban, ciwon ƙoda ya kama ta ba kuɗin magani suka yanke shawarar yin sata, Uzee Usman ne ya fito a Adamu ɗan Bahaushen cikinsu kuma bai ba mu kunya ba. Za ka yi dariya za ka yi hawaye, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san lissafin da suke yi ba ƙari a ciki.

Injiniya: Na Amurka fa ba mai so ne? Oppenheimer na Christopher Nolan, labarin mutumin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya a Los Alamos har aka gwada shi ranar 16 ga Yuli 1945, aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a Agusta, daga baya gwamnatin da ya yi wa aiki ta juya masa baya a 1954. Awa uku ne kuma magana ta fi yawa, in ka kalla kana danna waya ba za ka fahimci komai ba. Wurin gwajin bam ɗin haske ne ke zuwa shiru ba sauti sai numfashin mutane, can daga baya ƙarar ta iso, a waya ba za ka ji shi yadda ya kamata ba, a nemi babban allo da sifika. Ya kwashe kyauta biyar a bikin Golden Globes farkon Janairun 2024. Anti Bilki akwai tsiraici wuri biyu ko uku, ba na falo ba ne.

Maman Khalifa: To ni dai na rubuta 12th Fail da na Funke don hutun ƙarshen mako da yara, Goodbye Julia kuma ni kaɗai in na samu. Ummu Hani in ya hau Netflix ko wani wuri ki sanar da mu dan Allah.

Ummu Hani: In sha Allah Anti, da na gani zan ajiye a nan.

Sadauki: Baban Ummi na sa a turo min naka gobe zan kalla in dawo mu ƙarasa muhawara. Yau kam ba fim, Super Eagles da Kwaddibuwa ƙarfe shida, Na Fagge in za ka gidan kallo ka biyo ta shago mu tafi tare.