Neman shawara: shafin kifin katakon da nake yi yana ɓarewa a ruwa

Kafinta daga Daura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata kafinta, amma duk ranar da ban buɗe shago ba, bakin ruwa za a same ni da fatsa. Tun ɗaukewar damina na fara sassaƙa 'yan kifayen katako, irin ƙoton ƙaryan nan da ake jefawa a riƙa ja a hankali har babban kifi ya kai masa cafka. Da guntayen malaina nake yi, in cusa dalma a ciki, in fesa fentin gwangwani. Inda nake shan wuya shi ne shafin ƙarshe. Da farko banish na shafa, fentin ya yamutse. Sai na koma gam ɗin nan mai haɗi biyu, mai kamawa cikin minti 5. Na je da guda 3 dam ɗin Daberam, kafin la'asar biyu sun yi fari-fari daga ƙarƙashin shafin, ɗaya ya tsage ta wajen wayar ƙarfen da ake maƙala ƙugiya ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Wanda na bari a gida kuma har yau danƙo yake, ƙura duk ta manne masa. A taimaka mini, a ina nake kuskure?

Mai fentin mota, Katsina:
Wa alaikumus salam. Maganar banish mai sauƙi ce, maigida. Tinar da ke cikinsa ita ta narkar da fentin, don bai gama bushewa ba. Fentin gwangwani yaudara gare shi, ka taɓa ka ji ya bushe alhali cikinsa ɗanye ne. Ba shi kwana biyu ko uku. In kana da mai fenti kusa, kai masa su ranar da zai fesa wa mota kiliya, wato shafin ƙyallin nan marar launi na saman fenti, ya rataye su a gefe ya bi ta kansu da ragowar. Amma kar ka sayo ka fesa a ɗaki, hadinar da ake zuba mata, wato ruwan da ke sa ta daskare, tana illata huhu, takunkumin yadi ba ya tare ta.

Tsohon masunci, Ajiwa:
Yaro, tarwaɗa da hanci take farauta. Ka ba ta tana ko hanjin kaza ka huta da wannan wahala. Ƙyalli sai kifin tsage da giwan ruwa, su kuwa sai ka gangara Yawuri.

Kafinta daga Daura:
Baba na ji, ban kuwa bar tana ba. Wannan dai sha'awa ce ta kama ni.

Malamin kimiyya, Dutsin-Ma:
Malam, kai da kake kafinta ka fi ni sanin abin da ruwa ke yi wa katako. Farin da ka gani ruwa ne ya shiga ta ramin waya, katakon ya sha ya kumbura, ya tura shafin daga ciki. Ko gam ɗin da ya fi kowane tsada ka shafa, haka zai yi, muddin ba ka toshe katakon ba kafin fenti. Bayan ka gama sassaƙa da huda ramuka, ka ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa ko'ina ya tsotse, musamman ramin waya da na dalma. A waje za ka yi, tururinsa yana yaji a ido. Ya bushe, ka goge da samfefa mai laushi, ka jefa shi a bokiti ya kwana. In da safe bai kumbura ba, bai ƙara nauyi ba, to sannan ya cancanci fenti.

Gam mai minti 5 kuwa ka bar shi ga gyaran kujera. Yana daskarewa kafin ya baje, yana saurin komawa rawaya, kuma ba ya jure zama a ruwa kamar mai jinkiri. Nemi wanda aka rubuta minti 30 ko fiye, Araldite ma suna da mai jinkirin. Danƙon da kake gani kuma awo ne ko gauraye. Yawancinsu ɗaya-bisa-ɗaya ake haɗawa, amma duba kwalin. Kar ka auna da ido, sayi sirinji biyu a kemis, kowane ruwa da nasa. Kar ka ƙara hadina wai don ya yi saurin bushewa, wannan ba siminti ba ne, abin da ya yi rara ba shi da abokin haɗuwa, shi ke zama danƙo har abada. Ka juya a hankali minti biyu zuwa uku, kana kankare gefen kofin da gindinsa.

Kada ka taɓa jikin kifin da hannu bayan fenti. Maiƙon yatsa ke sa gam ya janye ya bar 'yan ramuka. Riƙe shi da filaya ta waya. Ka shafa siriri da buroshi, in ƙwayoyin iska sun taso ka hura musu numfashi ta tsinken shan lemo, za su fashe.

Saura abin da ya fi ba mutane haushi: gam mai jinkiri yana gangarowa ya taru a wutsiya. Dole a riƙa juya shi har ya kama. Ni da hannu na fara, ina sauraren rediyo ina juyi kusan awa guda. Daga baya na samo moton da ke juya faranti a tsohuwar maikirowef wajen 'yan gwangwan, juyinsa a minti bai wuce biyar ko shida ba, daidai aikin. Kai mai gyaran lantarki ya haɗa maka, yawancinsu wutar gida suke ci kai tsaye.

Mai gyaran waya, Mai'aduwa:
Ƙari a kan na Malam: yanzu hunturu ne. Ka yayyafa ruwa a ƙasan shagon, ka kife kwali a kansu, in ba haka ba garin katakonka ma ya ishe su. Da hantsi za ka yi, sanyin dare yana sa gam ya yi kauri ya ƙi bajewa.

Malamin kimiyya, Dutsin-Ma:
Haka ne. Na manta ma, shafi yana ƙara nauyi. Wanda ke yawo a sama zai iya nutsewa bayan shafi biyu, sai ka ɗan rage dalma. Kuma kar ka kai shi ruwa washegari, ba shi kwana uku.

Kafinta daga Daura:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na fasa wanda ya tsage ɗazu, cikinsa jiƙe yake sharkaf, kwana huɗu da dawowa. Guda biyu suna cikin bokiti yanzu da sufa gulu a jikinsu. Baba na Ajiwa, ranar Juma'a da tana zan je.