Ƙwan LED yana kamawa ba tare da na danna maɓalli ba

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman taimako. Ina da allon Arduino Uno (ƙaramar na'urar lantarki da ake rubuta wa umarni), na dasa jan ƙwan LED a ƙafa ta 8, maɓallin dannawa mai ƙafa huɗu kuma na haɗa shi tsakanin 5V da ƙafa ta 2. In na danna, ƙwan yana kamawa lafiya. Amma da na ɗauke yatsa sai ya riƙa ƙyaftawa yadda ya ga dama, wani lokaci hannu kawai zan kai kusa da wayar ya kama. Ƙwai biyu ma sun riga sun ƙone. Allon ne ya lalace?

Mai gyaran rediyo, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, allonka lafiyarsa ƙalau, haɗin ne da gyara.

Idan ka danna, ƙafa ta 2 tana samun 5V, ta karanta HIGH, wato akwai wuta. Idan ka saki fa? Ba ta jingine da 5V, ba ta jingine da GND (ƙafar volt 0), tana lilo a iska. Ƙafar da aka saita don karɓar saƙo kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, saboda haka ɗan cajin da ke jikinka, ko wayar wutar gida da ke wucewa a bango, ya ishe ta ta ce HIGH. Lokacin hunturu da iska ta bushe abin ya fi yawa, tunda jiki da tufafi suna tara caji.

Gyara mafi sauƙi: cire wayar maɓallin daga 5V ka mayar da ita GND, sannan ka rubuta pinMode(2, INPUT_PULLUP). Cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke kan allon, akwai rizista (abin rage ƙarfin wuta, da om ake auna ta) mai om 20,000 zuwa 50,000, wannan umarnin ne ke kunna ta, ta riƙe ƙafar a 5V. Sai dai ka lura, lissafin ya juye: in ba a danna ba HIGH, in an danna LOW, wato babu wuta. Nan mutane da yawa suke rikicewa su ce maɓallin yana aiki a baibai. In kana son haɗinka na yanzu, to sa rizista 10k (om 10,000) daga ƙafa ta 2 zuwa GND, mai zanen ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo.

Batun ƙonewa kuwa, na tabbata babu rizista a layin ƙwan. Jan LED yana cin volt 2 ne ko kusa da haka, ragowar 3 ɗin dole wani abu ya shanye. Raba 3 da om 220, za ka sami kusan 14 mA (ma'aunin yawan wutar da ke wucewa), daidai ke nan. Sa rizista mai om 220 a layin ƙwan, zanenta ja, ja, ruwan ƙasa. Om 330 ma ta yi, hasken ne zai ɗan ragu. Ƙafar Uno 20 mA aka so ta bayar, 40 mA kuma iyaka ce da ba a ƙetarewa, don haka ba ƙwan kaɗai kake jefawa a haɗari ba, har da ƙafa ta 8. Doguwar ƙafar ƙwan ta fuskanci ɓangaren ƙafa ta 8, gajerar, wadda gefenta yake a shafe, ta tafi GND.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah Ya saka da alheri, Malam, ƙyaftawar ta tsaya cak. Yanzu na canza umarnin: danna ɗaya ya kama, danna na biyu ya mutu. Sai dai wani lokaci in na danna sau ɗaya sai ya kama ya mutu nan take.

Malamar lantarki, Daura:
Ɗan'uwa, wannan daga maɓallin ne. Cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe, in ka danna ba ya zama lokaci guda, sai ya taɓa ya saki sau da yawa cikin 'yan milisakan kafin ya natsu. Yatsa ba ya jin haka, amma Uno da ke gudu a 16 MHz yana ƙirga kowace taɓawa a matsayin danna.

Ka ajiye halin da maɓallin yake a baya. Da zarar ya sauya, rubuta lokacin da millis(), umarnin da ke ƙirga milisakan tun da aka kunna allon, kada ka amince da sabon halin sai ya tsaya milisakan 50 bai motsa ba. Kuma ka juya ƙwan ne kawai a daidai lokacin da ya sauka daga HIGH zuwa LOW (in da INPUT_PULLUP kake aiki), in ba haka ba muddin yatsa na kai zai yi ta kamawa yana mutuwa. Wasu suna sa delay(50), wato jiran milisakan 50, yana yi, amma allon ba ya sauraron komai cikin wannan jiran. Ni na fi son a saba da millis() tun daga farko.

Injiniya, Ƙofar Guga:
Ƙari kan abin da Malama ta faɗa. Maɓalli mai ƙafa huɗu, ƙafafunsa biyu-biyu ne a haɗe ta ciki. In ka ɗauki biyun da suke a haɗe, zai zama kamar kullum a danne yake. Ɗauki na kusurwa da kusurwa ba za ka yi kuskure ba, ko ka sa mitar awon lantarki a saitin da take ƙara in ƙafafu biyu na haɗe, ta yi shiru sai ka danna.

Kafin ka zargi umarninka, gwada shi da ƙwan da ke kan allon, mai alamar L, wanda ke ƙafa ta 13. In shi ya yi daidai, matsalar tana allon gwaji, mai ramukan da kake cusa wayoyi: waya ta saki, ƙura ta cika rami, ko layin GND na gefe a yanke yake a tsakiya, wasu allunan haka suke zuwa. Kuma kada ka saita ƙafar maɓalli a OUTPUT, domin in tana HIGH ka danna, ka haɗa ta da GND kai tsaye ke nan. In ka koma ESP32, wani allon daban, volt 3.3 yake aiki da shi, kar 5V ta taɓa ƙafarsa.