Yadda aka karɓi tsofaffin fina-finai kan cin amanar aure

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin iyayenmu da yayyenmu da suka riski zamanin silima da kaset ɗin bidiyo. Na kalli Silsila na Yash Chopra, wanda ya fito a 1981, inda Amitabh Bachchan ya fito a matsayin magidancin da ya koma wa tsohuwar masoyiyarsa alhali kowannensu yana da aure. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai a Indiya ba lokacin fitowarsa. Shin a nan wajenmu yaya mutane suka karɓi irin waɗannan labarai?

Uwargida daga Pantami:
Wa'alaikumus salam, ɗana. A zaman da muke yi mu mata a tsakar gida muna kallo, ba mu cika damuwa da masoyan ba, hankalinmu yana kan matar da aka bari a ɗaki, domin kowacce a cikinmu ta san wata 'yar uwa ko maƙwabciya da ke cikin wannan hali tana haɗiye baƙin cikinta saboda 'ya'ya. Da mijin ya dawo wa matarsa a ƙarshen Silsila, da yawa sun ce haƙuri ya yi rana. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba, domin wahalar da ta sha an wuce ta kamar ba a yi ba. Arth na Mahesh Bhatt, na 1982, ya fi taɓa ni, saboda matar da Shabana Azmi ta fito a matsayinta ta tambayi mijin ko shi zai karɓe ta da ita ce ta aikata, sannan ta ƙi komawa.

Malamin makaranta, Bolari:
Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar. Da labarin ya shigo fim ɗin Hausa, kamar Wasila na Yakubu Lere, inda matar ce ta ci amana, an yi rububin kaset ɗin, amma tsinuwar da aka yi mata ta fi wadda ake yi wa namiji mai irin laifinta nesa ba kusa ba. Fim ɗin Indiya ana kallonsa a matsayin al'adar wasu, namu kuwa ana ganin tonon asirin gida ne.

Ɗan Jekadafari:
Na gode, Mama, na gode, Malam. Zan nemi Arth in kalla. Malam, ko hukumar tace fina-finai da aka kafa a Kano a 2001 ta rage irin waɗannan labarai?