Abin da aka tattara kan tasowar Mdou Moctar

Da aka tattauna yadda ƙungiyar kiɗan jita ke tasowa ba tare da babban kamfani ba, Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, aka fi kawowa misali. An ce kada rashin kaya ya tsayar da makaɗi, tunda da wayar birkin keke Mdou ya haɗa jitarsa ta farko. An daɗe kan wasan biki, domin a gaban masu rawa hannu ke faɗawa. Wasu suka ce a bar waƙa ta yi yawo: faifan da Mdou ya naɗa a Sakkwato a 2008 ta katin memori na waya ya bazu, tun kafin Matador, wani kamfanin faifai, ya fitar da faifan ƙungiyarsa a 2021. Kan kwantiragi kuwa ra'ayi ya rabu. Ni ina bayan masu cewa lauya ya fara dubawa.