"In ɓera da sata, daddawa ma da wari": wa karin maganar nan take karewa?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muka yi musu a teburin mai shayi, har aka tashi ba a daidaita ba. Wani ƙanena mai gyaran kwamfuta ne ya kawo labarin wasu 'yan caca biyu a Amurka, John Kane da Andre Nestor. A 2009 Kane ya gano wata ɓaraka a na'urar karta mai allo da ake kira Game King, ƙirar kamfanin IGT, a birnin Las Vegas. Sai ya yi ta bugawa da ƙaramin kuɗi har ya ci babban hannu. Kafin ya karɓa, sai ya sauya wasa, ya ɗaga farashin zubi, ya dawo. Na'urar sai ta biya shi kamar da babban kuɗi ya buga, wani lokaci har ninki goma. Bai kwance na'ura ba, bai saka mata waya ba, maɓallan da kowa ke dannawa ya danna. Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." To ni tambayata: wanke ɓera maganar take yi, ko me?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, duba ginin maganar da kyau. "In ɓera da sata" aka fara cewa, wato an riga an tabbatar masa da satar. "Ma" ɗin nan da ke bayan daddawa ƙari ne, ba musanya ba. Uwa ce ke faɗa wa 'yarta haka idan ta bar tukunya a buɗe, ba ɓera ne ke faɗa a gaban alƙali ba. Da zarar mai laifi ya ɗauke ta ya kare kansa da ita, an juya ta.

Injiniya Barnawa: Malam, Allah ya gafarta, ina tare da kai a nahawu, amma ban yarda wannan sata ba ce. Gwamnatin Amurka kanta ta gurfanar da su da dokar kutsen kwamfuta, ta kasa, a 2013 aka janye tuhumar baki ɗaya. Kwatanta da Ron Harris, ma'aikacin hukumar kula da caca ta jihar Nevada, wanda aka ba amanar duba na'urori ya yi amfani da sirrinsu. Shi kam an ɗaure shi. Ni karin maganar da ta fi zama a nan ita ce "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Kamfanin ne ya sayar da tsagaggen bango, ya shekara da shekaru bai lura ba. Kuma na'urar nan an tsara lissafinta ne don gidan caca ya ci riba a kan kowa. Ranar da lissafin ya juya ne kawai aka tuna da 'yan sanda.

Maman Ilham: Injiniya, ƙadangare bai san bangon wani ba ne, su kuwa sun sani. Ɓarakar ba ta aiki sai an kunna wani zaɓi na ninka ci, kuma Nestor da bakinsa yake roƙon ma'aikata su kunna masa, bai gaya musu dalili ba. A gidan caca ɗaya a jihar Pennsylvania ya kwashi sama da dala 400,000. Wanda yake ganin halalinsa yake ci, me zai ɓoye?

Ina sana'ar POS a bakin Kasuwar Barci. Bara waccan na'urata ta nuna an ƙi biya, na sake turawa, ashe duka biyun sun shiga. Naira dubu 40 ce ta wani yaro mai ɗinki. Na ga lokacin da ya duba wayarsa sau biyu, ya kife ta a cinya, ya ce min sau ɗaya ya gani. Sati uku ina zarya banki. Da aka fito da takarda, kun san me yayansa ya ce min? Wannan karin maganar, kalma ba canji. Wallahi ranar ji na yi kamar an mare ni. Ni ce daddawar kenan?

Injiniya Barnawa: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, wannan zalunci ne ƙarara. Amma ke da guminki kike nema. Gidan caca fa?

Malam na Tudun Wada: A nan ne nake jin tsoro. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, don haka mai gidan da mai bugawa duk ba su da abin cewa nasu ne. Amma mu bar wannan, mu tsaya a tsintuwa. Ko a hanya ka tsinci kuɗi, shekara guda ake cigiya. Ina ga wanda ya san inda jakar ta huje, ya riƙa komawa kullum yana tara hannu? Yaran unguwarmu da ke wuni a shagunan caca na ƙwallo, irin wannan labarin suke nema su ji. Ɗaya ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa saboda wani ya ce masa ya san lagon na'ura.

Ɗan Kawo: Na gamsu cewa ba a bakin ɓera maganar take ba. Abin da ya rage min, Malam: idan kamfanin da ya yi sakaci ne ake faɗa wa, ai ta zauna daidai ko?

Maman Ilham: Ta zauna, in dai mai faɗar ba ya riƙe da kuɗin a aljihunsa. Yaron nan dubu 25 ya dawo min da ita, har yau ina bin sauran.